Yadda Malam Hambali Ya Ci Bangon Madafi da Yaƙi

Duk magidancin da Allah ya hore wa bangon ƙasa a gidansa, da guntun rodi a bayan ɗaki, da ƙanin mata mai saurin ba da shawara, ina roƙonsa ya ajiye rodin nan tukuna, ya zauna ya ji wannan tarihi har ƙarshe, domin abin da ke cikinsa bai ƙare yadda aka shirya shi ba. Na faɗa tun yanzu ne don kada wani ya kai tsakiyar labari jininsa ya hau, ya miƙe ya nufi nasa bangon.

Amma ba'adu, wannan shi ne labarin sadauki ɗan sadaukai, ma'abucin himma da azama, Malam Hambali mai ɗinkin hula na Lungun Kanwa a cikin birnin Zariya. Ɗan Sallau, wanda ya taɓa ɗauko gadon ƙarfe a kan keke tun daga kasuwa, bai sauke ƙafa ba sai da ya shiga kwata. Ɗan Barau Gagarau, wanda ya kori bunsurun maƙwabta daga kan shanyar gero da carbi kaɗai, bai ko katse lazimi ba. Ɗan Nomau Babba, wanda ya gina gidan da ake magana a kansa da tubalin da ya mulmula da hannunsa, a zamanin da mutane ke gina bango kamar suna jiran maƙiya su zo da igwa. Zuriya ce ta shaja'a da haiba. Ba a taɓa jin ɗayansu ya gudu daga fagen fama ba, ko da yake masana nasaba sun yi saɓani a kan ko an taɓa ganin ɗayansu a fagen.

Shi kuwa abokin gabar wannan gida ba mutum ba ne, ba dabba ba ce. Hayaƙi ne. Muddin ana rani babu fitina, domin Tabawa, matar Malam Hambali, a tsakar gida take kafa murhunta, hayaƙi ya tashi ya kama hanyar sama ba ruwansa da kowa. Amma da zarar ruwa ya sauka sai girki ya koma madafi, wani ɗaki mai duhu da Nomau Babba ya gina ba taga ba kafa, ƙofarsa ma sai an sunkuya. A nan Hayaƙi yake tara rundunarsa, ya cika ɗakin tun daga ƙasa har rufi, sa'an nan ya fito ta ƙofa sahu-sahu, ya ratsa rumfa, ya shiga ɗakin kwana ba sallama, ya nemi ƙirjin Barira.

Barira ita ce autar gidan, yarinya 'yar firit mai surutun manya, wadda ƙirjinta ba ya shiri da hayaƙi ko kaɗan. Daminar bara ta sha wuya. Tari ya riƙa kama ta har sai ta durƙusa, numfashinta yana fita da wata 'yar ƙara kamar ana busa sarewa daga nesa, uban kuwa ya fi ta ramewa, ya riƙa barin hula a rabin ɗinki yana zuwa ƙofar ɗaki ya kasa kunne. Da aka kai ta asibiti, ma'aikaciyar jinya ta ba da magani, ta ce maganin zai taimaka, amma babban abu shi ne a raba yarinyar da hayaƙi. Tun daga ranar Malam Hambali ya ƙulla gaba da bangon gabas na madafi, wanda bayansa ke kallon lungu, ya yi alwashin ba za a sake shiga damina ba sai ya buɗe wa Hayaƙi kafar da zai fita ya bar masa 'yarsa.

Kamar yadda manyan sarakuna suke yi, ya fara da neman sulhu kafin zubar da jini. Ya kira magini. Magini ya zo ya ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa, ya ja da baya ya dube shi sama da ƙasa, ya ambaci wani adadi wanda da jinsa Malam Hambali ya tuna yana da alwalar da zai sabunta. Ya aika wa mai injin huda bango. Wannan ya ce injinsa sai da wuta, in babu wuta sai an yi hayar janareta, janareta kuma sai an shayar da shi mai, shi ma mai injin sai an shayar da shi fura. Nan ma aka rabu da addu'a. Rani ya wuce, bazara ta shigo da zafinta, hadari ya fara leƙowa daga gabas da yamma yana komawa, Tabawa ta fara kwashe itacenta daga tsakar gida tana jerawa a madafi. Da sadauki ya ga itacen nan na shiga, ya san lokacin jakadu ya ƙare.

Ya ciro guntun rodin da ya rage tun gyaran ƙofar zaure, ya kai wa maƙeri ya fiƙe masa baki, ya ari guduma a wurin mai faci, sa'an nan ya kira majalisar yaƙi. Majalisar mutum ɗaya ce: Shitu, ƙanin Tabawa, ɗan acaɓa, magidanci mai gemu da iyali, wanda tun ranar ɗaurin auren yayarsa bai taɓa barin Malam Hambali ya gama magana lafiya ba.

Shitu ya juya rodin a hannunsa ya ce, "Yaya Hambali, kai da allura ce sana'arka, me ya haɗa ka da bango?"

Malam Hambali ya ce, "Huda ai huda ce, Shitu. Tun kana rarrafe nake huda yadi."

"To ai shi ke nan. In ka gama sai ka yi masa zanen hula a gefe, mutanen lungu su zo kallo."

"Ka zo taimako ne ko ka zo cin tuwon yayarka?"

"Duka biyun. Amma tuwon ne na tabbatar da shi."

Duk da haka Shitu ne ya gano babbar matsalar yaƙin. Ya ɗora rodin a kan kaurin bangon ta bakin ƙofa, sai ga rodi ya ƙare bango bai ƙare ba. Nomau Babba bai yi gini don jikoki masu guntun rodi ba. Can Shitu ya kawo dabarar da aka yi ta yabo a lokacin, wadda daga baya kowannensu ya ce ta ɗayan ce: a ci bangon gaba da baya. Malam Hambali ya kai hari ta cikin madafi, Shitu ya kai ta lungu, su haɗu a tsakiya su gaisa.

Saura a san inda kowa zai sara, don rundunonin biyu su yi kiciɓis. Domin faɗi, aka kwance igiyar shanyar Tabawa aka auna daga kusurwar ɗaki, ciki da waje, aka ƙulla alama, wannan kuwa ya fita daidai, babu abin zargi a cikinsa. Domin tsayi, Malam Hambali ya ce ba ya bukatar igiya, yana da ma'aunin da ba ya ƙarya, wato jikin da Allah ya ba shi. Ya tsaya a madafi gaban murhu, ya miƙe ƙyam, ya ɗaga hannu iyakar ɗagawa, ya zana da'ira da gawayi. Ya fita ya zaga ta zaure ya shiga lungu, ya tsaya a gindin bangon, ya miƙe ƙyam, ya ɗaga hannun nan dai iyakar ɗagawa, ya zana wata da'irar. Mutum ɗaya, hannu ɗaya, gawayi ɗaya. Baba Mudi mai goro, dattijon da ke zama a dakalin da ke fuskantar wurin tun kafin a haifi mayaƙan, ya kalli wannan awo daga farko har ƙarshe, ya gyara zaman farantinsa.

Da hantsin ranar Lahadi aka ja daga. Sadauki ya fito cikin shirin yaƙi wanda ba a ga irinsa ba a Lungun Kanwa: hular kwanon Shitu ce kwalkwalinsa, tsohuwar rigar sanyi ce sulkensa duk da zafin bazara, ya ɗaure hanci da baki da tsohon ɗankwalin Tabawa mai furanni, ya sa baƙin tabarau don kada ƙasa ta shiga ido, wanda hakan ya sa a cikin duhun madafi ba ya ganin komai sai ƙofa. Aka kife masa turmi ya hau. Ina jan kunnen yara a nan: turmi ba abin hawa ba ne, yana da santsi, kuma ba ya tausayin ƙugu.

Tabawa ta kwashe tukwanenta, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, in ka gama da bangon ka rage mini inda zan jingina muciya."

Aka zaunar da Barira can nesa a ƙarƙashin rumfa, inda ƙura ba za ta kai ba, da kashedin kada ta motsa. Daga can ta ɗaga murya ta ce, "Baba, ka yi kama da mai satar kaji."

Sadauki ya gyara tsayuwa a kan turmi. Ya saita bakin rodi a tsakiyar da'ira, ya yi bisimilla, ya ɗaga guduma, ya yi kururuwar da ta tada tantabarun maƙwabta: "Bango, yau sai ka huje!"

Hambali na Tabawa, gagara tubali, angon guduma, mai allurar ƙarfe, ɗan Sallau ba ka sauke ƙafa, jikan Barau ba ka katse lazimi, dodon ƙura, uban auta mai kunne a ƙofar ɗaki. Sara na farko ya sauka a kan yaɓen simintin da Sallau ya yi a shekarar da ya samu riba, rodi ya yi tsalle ya dawo, siminti ko gezau. Sara na biyu ya fitar da tartsatsi. Sara na gaba ya bar rodi ya sauka a kan babban yatsan sadauki, nan take aka tsagaita wuta, mayaƙi ya sauko daga turmi ya zaga madafi yana riƙe da yatsa a hammata yana karanto addu'o'in da bai san ya haddace su ba. Amma bai ja da baya ba. Ya naɗe yatsan, ya sake hawa, ya dinga sara har sahun gaba na maƙiya ya tsage, siminti ya ɓantare ya zubo a kan murhu, jar ƙasar kakanni ta bayyana.

Daga nan yaƙi ya koma na haƙuri. Tubalin Nomau Babba ba ya miƙa wuya sai ƙwaya-ƙwaya. Ana sara ana yaƙuto ƙasa da tsohon ludayi, ana sara ana yaƙutowa, sai ga ciyawar da aka kwaɓa ginin da ita ta fito fes kamar jiya aka yanko ta, sai ga ƙwallon dabino wanda babu shakka Nomau Babba ne ya tofar yana kan aiki, Malam Hambali ya ɗauka ya sa a aljihu don girmama magabata. Wata rundunar kyankyasai da ta yi sansani a cikin bangon tun zamanin da ba a sani ba ta fito a guje, sashenta ya bi ta hannun rigar sadauki, aka sake tsagaita wuta. Wani jan gwada ya leƙo daga saman ƙofa yana gyaɗa kai, masana suka ce ɗan leƙen asirin bango ne, wasu suka ce mubaya'a ya zo yi.

A ɗaya fagen, wato lungu, Shitu ya jingina babur ɗinsa ya hau kansa a tsaye, ya kama aiki da tsohon ƙarfen cire taya da dutse. Mutanen lungu suka taru, kowa da fatawarsa. Wani ya ce a jiƙa bangon tukuna, wani ya ce in aka jiƙa shi zai zauna, wani ya ce shi kakansa da farce yake irin wannan aiki. Tarihi ba zai ɓoye ba cewa a tsakiyar fama wata mata ta fito da kwandon tumatir tana neman mai kai ta kasuwa, kwamandan rundunar waje ya sauko ya tada babur ya tafi da ita, ya bar fage ba kowa. Da ya dawo ya ce dabarar yaƙi ce, don bango ya saki jiki.

Aka yi sallar azahar, aka koma. Rana ta karkata. Ramin ciki ya cinye hannun Malam Hambali har kafaɗa, ramin waje ya cinye na Shitu har kafaɗa, in aka haɗa hannuwan biyu kuwa sun fi kaurin bangon, amma babu haske, babu iska, babu gaisuwa. Malam Hambali ya cire hular kwano ya manna kunne a bakin rami. Yana jin bugun Shitu sarai, sai dai ba daga gabansa yake zuwa ba, daga sama da kansa yake zuwa, kamar mai bugun yana kan rufi.

Ya sauko ya sunkuya ya fita daga madafi, ya ratsa tsakar gida, ya bi ta zaure, ya shiga lungu.

"Shitu, ka karkace. Sama kake tafiya."

"Ni? Yaya Hambali, acaɓa nake tuƙawa a garin nan, ban taɓa karkacewa ba."

Baba Mudi ya yi tari a kan dakalinsa.

Shitu ya ce, "Kai ne ka nutse. Ina jin ka a ƙasa kamar gafiya. Cire baƙin tabaran nan ka ga inda kake sara."

Malam Hambali ya koma ciki ya zura rodi a raminsa, ya ga ya tafi sak. Ya fito ya zura a na Shitu, shi ma sak. Ya koma ya tsaya gaban murhu ya ɗaga hannu, yatsunsa suka taɓa bakin rami. Ya fito lungu ya ɗaga hannu, yatsunsa suka taɓa bakin rami. Ya yi ta wannan safara tsakanin fage da fage, gumi na tsiyaya daga rigar sanyi, zuciyarsa na raya masa cewa ko dai bangon nan yana da iskoki, ko kuwa shi ne yake ƙara tsawo in ya sha iskar waje. Ana cikin haka, a wata fitowa, gwiwarsa ta gaji ta ƙi ɗaga shi daga zaure zuwa lungu, ya dafa ƙofa ya tsaya yana haki, ƙafa ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Ya dubi ƙafar sama. Ya dubi ta ƙasa. Sa'an nan ya tambayi kansa abin da bai taɓa tambaya ba tun da ya koyi tafiya: me ya sa kullum in zai fita daga gidansu hawa yake yi, in zai shiga kuma gangarawa?

Duk wanda ya tashi a tsohon gari ya san wannan, sai dai ƙafarsa ce ta sani, ba kansa ba. Lungu yana tashi. Kowace damina ruwa na wanke bangaye ya zubar da ƙasarsu a hanya, kowane maigida na zuba baraguzai a ƙofarsa don kada ruwa ya kwanta, wanda ya rushe tsohon ɗaki a nan yake baza shi, shekara bisa shekara hanya na hawa, gida kuwa yana nan inda mai shi ya ajiye shi. Daɓen madafin Nomau Babba yana ƙasa da lungu da abin da ya kai gwiwar mutum. Ma'aunin da ba ya ƙarya bai yi ƙarya ba. A wuri biyu daban aka tsayar da shi.

Da ya bayyana wa jama'a wannan, Baba Mudi ya ɓare goro ya ce, "Ƙwarai kuwa. Muna yara hawa ake yi a shiga gidanku."

Malam Hambali ya ce, "Baba, kana zaune na yi awon nan a gabanka."

"Na gani, ɗana. Na ga ka yi shi da natsuwa ƙwarai, sai na ce ka san abin da kake yi."

Yanzu ga bango da rami biyu, ɗaya bisa ɗaya, kowanne ya wuce ɗan'uwansa a cikin duhu ba su ga juna ba. Shitu ya kawo shawarar a toshe ɗaya a sake sabo gobe. Malam Hambali ya ɗaga kai ya dubi gabas. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin, ba irin mai leƙowa ya koma ba, iska ta ɗauke, tsuntsaye sun yi shiru. In ruwan nan ya sauka yau, yau za a hura wuta a madafi. Ya juya ya hango ta ƙofar zaure Barira na zaune inda aka ajiye ta, tana yi wa 'yartsanarta faɗa. Ya ce babu gobe.

A nan ne basirar zuriyar Nomau ta motsa. Sadauki ya tsaya a tsakiyar lungu, ɗankwali mai furanni na rataye a wuyansa, ya yi wa jama'a huɗuba. Ya ce shin hayaƙi ba sama yake so ba? Aka ce sama yake so. Ya ce to ramin ciki yana ƙasa, na waje yana sama. In aka fasa abin da ke tsakaninsu aka haɗa su a karkace, ashe ba an yi wa hayaƙi matakala ba ke nan? Jama'a suka dubi juna. Wanda ya ce a jiƙa bango ya ce shi ma abin da yake nufi ke nan tun farko. Shitu ya ce, "Wallahi Yaya Hambali, da ka yi boko da yawa da mun shiga uku."

Aka koma fage da sabon ƙarfi, na ciki yana sara sama, na waje yana sara ƙasa, tsawa na ruri daga nesa kamar tambarin yaƙi, ƙasa na zubowa a kan hular kwano, guduma na tashi tana sauka, har aka kai wani bugu da rodi ya tafi bai sami mai tare shi ba, wani dunƙulen tubali ya gangaro ya faɗa cikin rigar sadauki, sai ga wani siririn haske ya sauko a karkace ya sauka a kan murhun da bai taɓa ganin rana ba tun da aka kafa shi. Malam Hambali ya zura hannu. Wasu yatsu masu warin man inji suka kama nasa.

Ya ce, "Shitu, kai ne?"

Daga cikin bango aka ce, "A'a, kakanka ne. Na zo karɓar ƙwallon dabinona."

Aka yi fatahi. Lungu ya ɗauki sowa, Tabawa ta rangaɗa guɗa ɗaya gajeriya don kada a ce ba ta yi ba, Barira ta karya dokar zama ta zo ta leƙa ta ce tana ganin hancin Kawu Shitu. Domin kada ramin ya riƙa zubar da ƙasa a miya, aka kawo manyan gwangwanayen tumatir da Tabawa ta tara, aka fasa gindinsu, aka zura su baki cikin baki tun daga lungu har madafi, aka kwaɓa ƙasar da aka ci ganima aka liƙe gefe da gefe. Abin ya fito sumul, santsi kamar maƙogwaron tulu. Malam Hambali ya dube shi ya ji a ransa cewa da magini ya gani da ya nemi ya koya.

Saura gwaji. Aka mayar da Barira rumfa. Tabawa ta share murhu, ta jera itace, ta ɗora tukunya, ta ƙyasta ashana. Sadauki da kwamandansa suka durƙusa a bakin ƙofa suna kallo. Wuta ta kama. Wani siririn hayaƙi ya tashi, ya miƙe, ya yi jim a sama da tukunya kamar baƙon da ya iso mararraba, ya karkata kaɗan wajen ƙofar da ya saba, ya dawo, ya fara lanƙwasa wajen bakin gwangwani. Malam Hambali ya riƙe hannun Shitu bai sani ba.

A daidai nan iskar gabas ta iso. Ta bugi bangon, ta sami ƙofar da ba ta taɓa samu ba, ta shigo ta gwangwani da busa, ta tarar da hayaƙin nan a bakin hanya ta mayar da shi cikin idon masu kallo. Bayanta ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Iska ta kama ruwan da ke zuba daga indararon rufi ta manna shi a jikin bango, ya gangaro, ya tarar da rami mai santsi wanda bakinsa ke sama gindinsa ke ƙasa, an kuma saita shi da igiya da gawayi a kan murhu daidai. Matakalar da aka yi wa hayaƙi don ya hau, ruwa ya ga ta dace da sauka. Ya fito ta bakin gwangwani da kauri kamar hannun yaro, ya yi baka a sararin madafi, ya sauka a tsakiyar wuta. Wuta ta ce cuu, ta mutu. Ruwa ya cika tukunya, ya cika murhu, ya bi daɓe ya nufi itacen da Tabawa ta yi ta jerawa tun farkon bazara.

Tabawa ta tattare zaninta ta ce, "Malam, famfo ka ce za ka yi mini ko taga?"

Abin da ya biyo baya ba ya cikin abin da ake yi wa kirari. Sadauki ya hau turmi ya toshe gwangwani da tafin hannu, ruwa ya bi hannun ya shiga hammata. Ya tara hular kwano, ta cika, ya miƙa wa Tabawa ta zubar ta dawo da ita. Tsoro ya kama shi kada ruwa ya jiƙa cikin tubali bangon kakanni ya zauna gaba ɗaya, ya daka wa Shitu kira ya fita ya rufe ta waje. Shitu ya fizgi wani tsohon farantin tasa, ya haura lungu cikin ruwa, ya kafa shi a saman ramin da ƙusa ya lanƙwasa shi kamar bakin hular hana-salla, ya dawo yana ɗiga yana cewa a rubuta a tarihi shi ne ya ceci gidan. Ruwan ya ragu ya koma ɗigo. Bango bai zauna ba. Itace kuwa babu ko sanda ɗaya da ta tsira.

Ranar ba a sake ɗora tukunya a gidan ba. Aka jiƙa garin rogo da sukari da ƙuli-ƙuli, rundunar duka ta zauna a rumfa ana ci ana kallon ruwa, Shitu na ƙorafin cewa tuwon da ya tabbatar da shi ne ya rasa. Barira ta siɗe kwano ta ce kullum ma a riƙa huda bango. Uban ya bar cokalinsa yana kallon ƙirjinta yana hawa yana sauka lafiya lau, ba sarewa, ba tari, har ta yi barci a cinyar uwarta.

Washegari da safe mutanen lungu suka zo yi wa sadauki barka, suka tambayi jikin yarinya, ya ce ta kwana lafiya ko tari ɗaya ba ta yi ba. Suka ce to ai rami ya yi aiki. Ya buɗe baki zai karɓi yabon, sai Tabawa ta ce daga cikin gida, ai ba a sake hura wuta ba.

Tun daga ranar ruwa bai ɗauke ya ba rana wuri ba. Itacen na nan a jingine a rumfa yana tsatsafo da ruwa, Tabawa na kai tukunyarta gidan maƙwabta ta dafo ta kawo, Malam Hambali kuwa kan ajiye hula a rabin ɗinki ya je ya taɓa itacen ya ji ko ya bushe, ya shiga madafi ya dubi gwangwani, ya fito. Barira lafiyarta ƙalau. Amma ko hayaƙi zai bi ramin nan ya fita, ko kuwa ƙofar da ya saba zai bi, har yanzu babu wanda ya sani.